Tamar Loren da tamar tuddanmu: don me ba a rububinta kamar zinari

Ƙanena, tambaya biyu ka haɗa wuri guda. Kana son ka san ko akwai inda tama irin wadda kuke gani bisa tuddan wajen Gwandu ta taɓa tada masana'antu har mutane sunka ci arzikinta, kuma in akwai, don me mu nan ba mai waiwayarta alhali ga jama'a can sun cika ramukan zinari a Anka da Maru da Bukkuyum. E akwai, kuma wurin da ya fi kama da namu ta fuskar irin dutsen shi ne yankin Loren, gabas maso arewacin Faransa, inda ta yi iyaka da Jamus da Lukzambur da Beljiyam. Zan ba ka labarinsu da ɗan tsawo don amsar tambayarka ta biyu tana cikinshi.

Amma fara riƙe wannan lissafin tukuna. A 'yan shekarun nan tan guda na tama mai kyau, wadda ƙarfen cikinta ya kai kashi 62 cikin ɗari, yana yawo ne wajen dala 100 a kasuwar duniya, ya ɗan hau ya ɗan sauka. Giram guda na zinari yanzu ya kai haka har ya wuce. Wato abin da yaro zai ƙulle a leda ya sa aljihu ya hau mashin ya kai Gusau, kafin ka samu kuɗinshi a tama sai ka haƙa buhu 20 masu kilo hamsin-hamsin, kuma mai kyau ake magana ba tamu ba. Harkar tama harkar yashi ce, duk wanda ya taɓa sayen tifar yashi ya san ba yashin yake biya ba, mota da mai da nisa yake biya. To haka tama take, duk tarihinta tarihin dako ne da makamashi.

Tamar Loren, wadda su ke kira minet, ba wata tamar kirki ba ce. Ƙarfen cikinta wajen kashi 30 ne, in ka fasa dutsen za ka ga 'yan ƙananan ƙwayoyi zagayayyu a manne da juna, alamar ƙarƙashin ruwa ya taru tun zamanin da teku ya rufe wurin. An daɗe ana narka ta kaɗan-kaɗan da gawayin itace, akwai ma wani gida, dangin Wendel, da sunka kama maƙerar garin Hayange tun 1704 kuma sunka riƙe harkar ƙarfen yankin sama da shekara ɗari biyu. Babban ciwonta shi ne sinadarin fosfaras. In ya yi yawa cikin ƙarfe sai ƙarfen ya zan mai gautsi, ya riƙa karyewa maimakon ya lanƙwashe, balle in an yi sanyi. Da Henry Bessemer na Ingila ya fito da hanyarshi ta tace ƙarfe da yawa cikin sauri a 1856, ta hura iska cikin narkakken ƙarfe, sai anka tarar hanyar ba ta cire fosfaras ko kaɗan. Ke nan duniya ta shiga zamanin layin dogo da gadoji da jiragen ruwan ƙarfe, Loren na zaune bisa dutsen da ba ya shiga sabon tanderun.

Wanda ya warware musu ita ba ma injiniya ba ne, wani matashi ne magatakardan kotu a Landan, Sidney Gilchrist Thomas, yana karatun kimiyya da dare, shi da wani ɗan uwanshi Percy Gilchrist da ke aikin gwaje-gwaje a wata masana'antar ƙarfe a Wales. Dabarar tasu ita ce a shafe cikin tukunyar tacewar da gasasshen dutse dangin farar ƙasa, a kuma zuba farar ƙasa cikin narkakken ƙarfen, sai fosfaras ɗin ya bar ƙarfe ya bi kashin da ke tasowa sama. Sun bayyana ta a 1878, anka gwada ta a babbar masana'anta a 1879 ta yi. Kuma wani abin daɗi, kashin nan da anka kwashe in an niƙa shi taki ne, manoman Turai sun yi shekaru da yawa suna zuba shi gona don fosfaras ɗin da ya ɓata ƙarfe shi ne shuka ke so. Bawan Allah bai ma daɗe ba, ya rasu a 1885 yana ɗan shekara 34.

Ka lura dutsen bai sake ba, yadda yake a 1870 haka yake a 1890, ilimin sarrafa shi ne ya iso. Ni a ganina duk wanda zai yi maganar ma'adinai ya kamata ya fara fahimtar wanga batu, dutse ba ya zama arziki don yana ƙasarka, sai ranar da anka samu hanyar da kuɗin fiddo ƙarfen cikinshi bai kai kuɗin sayar da shi ba.

Sai siyasa ta shigo. Kafin ma dabarar Thomas, Jamus ta ci Faransa da yaƙi ta karɓe Alzas da wani yanki na Loren a 1871, kuma da anka zo shata iyaka Jamusawa sun yi ƙoƙari su haɗa da wuraren da tamar ta fito fili. Ashe shimfiɗar dutsen ta nutse ƙasa ta ci gaba yamma, sai ga Faransawa sun haƙa rijiyoyin gwaji a ɓangaren da anka bar musu, wajen garin Briye, sun tarar da ita jibge a can ƙasa. To daga nan ɓangarorin biyu kowa ya duƙufa. Zuwa 1913 abin da ake fiddawa a Loren ta Jamus da ta Faransa in an haɗa ya wuce tan miliyan 40 a shekara, ban da na Lukzambur. Mutanen wurin ba su isa aikin ba, sai anka riƙa kwaso leburori daga Italiya, daga baya Folan, daga baya kuma Aljeriya da Maroko, ƙauyukan manoma sunka koma garuruwan kamfani, gida na kamfani, asibiti na kamfani, kanti na kamfani. Da yaƙin duniya na farko ya tashi a 1914, Briye na cikin wuraren da sojan Jamus sunka fara mamayewa kuma sunka riƙe har ƙarshen yaƙin, bayan 1918 Loren duka ta koma hannun Faransa, a 1940 Jamus ta sake shigowa.

Amma me ya sa tama mai kashi 30 ta yi riba a can? Don komai na kusa. Tanderun na gindin ramin, wani wuri ma da igiyar sama ake jan bokitan tama daga bakin rami zuwa masana'anta. Kwal na nan Sar maƙwabciyarsu, ga kuma na yankin Rur a Jamus wanda shi ne irin da ake gasawa ya yi tauri ya iya ɗaukar nauyin kaya cikin dogon tanderu bai murƙushe ba. Ga layin dogo ko'ina, ga koguna, ga masu sayen ƙarfen a Faris da Jamus da Beljiyam. Kafin a samu tan guda na ƙarfe sai an zuba wajen tan 3 na irin wagga tama, shi ya sa ba ta jure doguwar tafiya, kashi biyu cikin uku na abin da ka ɗauko shara ce ka biya mata kuɗin mota. Wanga dogaro da juna, tama a Faransa kwal a Jamus, yana cikin dalilan da sunka sa bayan yaƙi na biyu ƙasashe shida, Faransa da Jamus ta Yamma da Italiya da Beljiyam da Holan da Lukzambur, sunka sa hannu a 1951 kan haɗa harkar kwal da ƙarfensu ƙarƙashin hukuma guda, kuma wannan hukumar ce tushen Tarayyar Turai ta yau. Mutane na jin sunan Tarayyar Turai a rediyo kullum ba su san daga ramin tama da na kwal ta faro ba.

Wajen 1960 Loren ta kai ƙololuwa, sama da tan miliyan 60 a shekara. Shekara uku kacal bayan haka, a 1963, ma'aikatan wani rami a garin Trieux sunka shiga ƙasa sunka ƙi fitowa har kwana 79 don an ce za a sallami da yawansu. Me ya faru cikin ɗan lokaci haka? Ba tamar ce ta ƙare ba, har gobe tana nan ƙasa. Manyan jiragen ruwa ne sunka zo, kuɗin dako ta teku ya faɗi warwas, ga kuma sabbin wurare da tamarsu ta haura kashi 60 kuma a fili take, katafila kawai za a sa a kwasa. Ɗaya daga cikinsu ma nan Afirka ta Yamma ne, Muritaniya, inda anka shimfiɗa layin dogo mai kilomita 704 cikin hamada daga Zuwairat zuwa tashar ruwa ta Nuwadibu, aka fara fitar da kaya a 1963 ɗin nan dai. Ga Laberiya, ga Barazil, ga Ostareliya. Sai ya kasance tamar da ta ƙetaro teku ta fi wadda ke ƙarƙashin masana'antar araha in an yi lissafin ƙarfen da za a samu da kwal ɗin da za a ƙona. Faransa da kanta ta koma gina sabbin masana'antunta bakin teku, Dankak a arewa da Fos a kudu, inda jirgi zai sauke kaya ƙofar tanderu. Ramukan Loren sunka dinga rufewa ɗaya bayan ɗaya, a 1979 garin Longwy ya yi bore mai zafi kan rufe masana'antu, rami na ƙarshe ya rufe a 1997.

Kuma ba su rabu lafiya ba. Yadda su ke haƙa shi ne a yi ɗakuna ƙarƙashin ƙasa a bar ginshiƙan dutse su tallafe rufin, to da anka daina aiki anka kashe injinan zuƙe ruwa sai ruwa ya cika ramukan, tsofaffin ginshiƙai sunka fara saki. A 1996 ƙasa ta zauna da gidaje a garin Auboué, bango na tsagewa mutane na kwashe kaya, shekara mai bi haka ta faru a Moutiers. Kamfani ya tafi, rami ya rage wa masu gari. Mu a Zamfara ba sai an yi mana dogon bayani kan abin da haƙar ma'adinai ke bari ba, mun ga gubar dalma ta 2010 a Bagega da Dareta da 'Yargalma, yara sama da 400 sunka mutu.

To mu dawo gida. Abin da dattawa sunka faɗa maka gaskiya ne, kakanninmu sun narka tama, kuma ba jiya ba. A Taruga kusa da Abuja an tono tanderun narka tama da sunka haura shekara 2,000, tarihin Kano ma da maƙeran da sunka zo Dala neman tama ya fara. Duk garmar da ta nome ƙasar Kabi da Zamfara da Gobir, da takobi da mashi da linzami, daga irin wanga jan dutse sunka fito, a gina tanderun laka, a jera tama da gawayin ƙirya, a kwana ana wuta, da safe a fasa a ciro dunƙulen ƙarfe a kai maƙera a yi ta duka har kashin ya fita. In ka yi yawo bayan tsofaffin garuruwa za ka ga tarin baƙin kashin tama mai ƙyalli, nan ne wurin aikinsu. Abin da ya kashe sana'ar shi ne dai abin da ya kashe Loren, ƙarfe mai araha daga nesa. Da Turawa sunka zo da sandunan ƙarfe, ga tarkacen jirgin ƙasa da na mota, maƙeri ya ga ba dalilin ya sare daji ya kwana gaban wuta alhali ga sifirin na mota a kasuwa. Ƙira ta rayu, narka tama ta mutu.

Gwamnati ta gwada nata a babban mataki. An kafa hukumar raya ƙarfe ta ƙasa a 1971, masanan Tarayyar Sobiyet sunka yi binciken ƙasa ta jirgin sama, anka gano tamar Itakpe kusa da Okene, jihar Kogi ta yanzu. Ajiyar wajen tan miliyan 200, ƙarfen ciki wajen kashi 36, sai an niƙa ta an tace ta haura 60 kafin ta shiga tanderu, amma tana da kyau guda, fosfaras ɗinta kaɗan ne. A 1979 anka ba kamfanin Sobiyet Tyazhpromexport kwangilar gina masana'antar ƙarfe ta Ajakuta, Shagari ya aza harsashi a 1980, da niyyar zangon farko ya ba da tan miliyan 1.3 a shekara. Anka gina ta Alaja kusa da Warri mai aiki da iskar gas, ta fara a 1982, da injinan murza rodi a Katsina da Jos da Oshogbo da za su riƙa karɓar sanduna daga can. A takarda tsarin ya yi kyau ƙwarai. A ƙasa kuwa, kwal ɗin Inugu ba irin wanda ake gasawa don dogon tanderu ba ne, sai an shigo da shi daga waje ta teku. Layin dogon da zai haɗa Itakpe da Ajakuta da Warri an fara shi 1987, ba a ƙaddamar da shi ba sai 2020, kuma ko da anka buɗe fasinja ya fi ɗauka. Alaja da tamar Laberiya da Barazil ta fara aiki alhali ga Itakpe a cikin ƙasa. Tun 1994 ake cewa Ajakuta ta kai kashi 98 na kammaluwa, amma babban tanderun har yau ba a taɓa kunna shi ba, kuma irin wanga tanderu in ka kunna shi shekaru yake yi ba a kashewa dare da rana, dole tama da kwal da farar ƙasa su riƙa isowa ba fashi, in ya huce da kaya a ciki ka yi asarar shi. An miƙa Ajakuta ga wani kamfanin Indiya, Global Steel, a 2004, gwamnatin 'Yar'aduwa ta soke a 2008, anka yi ta shari'a har 2022 da Najeriya ta amince ta biya dala miliyan 496 don a rabu. Ni dai ban yarda da masu cewa wai Turawa ne kawai sunka hana ba. Ko da akwai masu baƙin ciki, mu munka gina tsakiyar sarƙa munka bar bakinta biyu a sake.

Rodin da kake gani ana gini da shi yanzu a Birnin Kebbi da Gusau, mafi yawan na gida daga kayan 'yan gwangwan ne, a tara tsohon ƙarfe a loda tirela a kai Legas da Ogun a narka da lantarki.

Yanzu dutsenku. Tuddan nan masu shafaffen kai da ke wajen Gwandu da Birnin Kebbi da Argungu, jan dutsen da ya rufe kansu tama ce ba shakka, shi ne ma ya hana ruwan sama cinye su shi ya sa sunka tsaya sama da filin da ke kewaye. A wasu wuraren za ka ga ƙwayoyin nan zagayayyu irin na Loren. Danginta ne ke Say a Nijar bakin kogin Kwara, da kuma tudun Agbaja kusa da Lakwaja inda ake maganar sama da tan biliyan guda, kuma duka biyun ciwonsu guda, fosfaras, shi ya sa tun da daɗewa an san da su amma ba wanda ya gina babbar masana'anta kansu. Namu kuma yana da ƙarin matsala, sau da yawa ɓawo ne kawai a sama, in ka haƙa kaɗan sai ka faɗa yashi da laka. Ya ishi maƙerin da ke son ƙarfen garma ɗari, amma kamfanin da zai zuba kuɗi yana son ya ga abin da zai ci shekara 20 ko 30 yana kwasa. Sannan ka duba hanya, jihar Kebbi ba ta da layin dogo ko taku guda, na Zamfara shi ne tsohon nan da ya taso daga Zariya ya bi Gusau ya tsaya Ƙauran Namoda a 1929, don gyaɗa da auduga anka yi shi. Daga nan zuwa tashar ruwa ta Legas tafiyar wajen kilomita dubu ce, ka loda tan 30 a tirela, ka tambayi kowane direba nawa zai ɗaukar maka, ka kwatanta da kuɗin kayan in ma an ce tamar mai kashi 62 ce. Kuɗin mota kaɗai ya cinye riba, ba a zo ga haƙa da tacewa da masu shingen hanya ba. Ƙasar Gini da ke da tama mafi kyau a duniya a Simandu, ita ma shekaru da yawa tana kwance sai da anka gina layin dogo sama da kilomita 600 da sabuwar tashar ruwa.

In har kana son ka san abin da ke gonarku, abu ne mai sauƙi ka fara da kanka. Ka goga dutsen bayan fasasshen faranti na tangaran inda ba sheƙi, in ya bar jan layi ko ruwan ƙasa mai ɗan rawaya to tama ce irin ta tuddanmu, in baƙin layi ne kuma maganaɗisu ya kama shi to wata iri ce da ta fi sauƙin tacewa, an fi samunta a tsofaffin duwatsu irin na gabas da kudancin Zamfara da wajen Zuru. Kada ka tsinci mafi nauyi da kyau kaɗai, kowa haka yake yi ya ruɗi kanshi, ka ɗebo daga wurare daban-daban, sama da cikin rami, ka rubuta inda kowane ya fito da zurfinshi. Hukumar binciken ƙasa ta Najeriya na da ɗakin gwaji a Kaduna, akwai kuma cibiyar binciken ƙarafa a Jos. Ka ce su ba ka adadin ƙarfe, da fosfaras, da sinadarin yashi wato silika, da alumina, da farar wuta, don wanda ya ce maka "akwai ƙarfe ciki" kawai bai gaya maka komai ba, marmarar da ake zubawa a hanya ma akwai ƙarfe cikinta. Kuma ka sani a dokar ma'adinai ta 2007 duk abin da ke ƙarƙashin ƙasa na gwamnatin tarayya ne, lasisi daga ofishin rajistar ma'adinai na Abuja yake fitowa, amma mai neman lasisin yana buƙatar takardar amincewar mai gona. To in wani ya zo da mota mai kyau ya ce ku sa hannu ko ku dangwala a wata takarda don a duba muku dutse, kada kowa ya dangwala sai hakimi ya sani kuma wanda ya san doka ya karanta muku ita layi-layi.